Dam ɗina bai taɓa ba ni matsala ba, me ya sa hukuma ta saka shi a rukunin masu haɗari?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni mazaunin jihar Jojiya ne a Amurka. Shekara huɗu da suka wuce na sayi gona a bayan gari, tafiyar awa ɗaya da rabi daga Atlanta. A cikinta akwai tafki mai faɗin eka 9, an tare shi da jingar ƙasa mai tsayin ƙafa 27, wadda aka ce tun shekarun 1960 aka gina ta. Ba noman rani nake yi da ruwan ba, kamun kifi ne kawai da hutun iyali a ƙarshen mako. Yanzu ofishin kula da madatsun ruwa na jihar ya rubuto mini cewa an ɗaga dam ɗin daga rukuni na biyu zuwa rukuni na ɗaya, wai in ya ɓalle zai iya cin rai. Dam ɗin nan bai taɓa ba ni matsala ba, ko ruwan guguwar Helene na 2024 bai tsallake shi ba. Abin da ya canza kawai wasu gidaje biyu ne da aka gina a kwarin da ke ƙasa da ni. Ta yaya wani zai gina gidansa, ni kuma a ɗora mini nauyi? Ko dam ɗin ne ya lalace ban sani ba? In kai ƙara, in gyara, ko in fasa shi in huta?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa gonar albarka. Abu uku ka tambaya: me takardar take nufi, ko adalci ne a canza maka matsayi saboda ginin wani, da kuma hanyar da za ka bi. Na yi shekaru ina hawa irin wannan jingar ina sauka tare da masu ita, kuma kusan duk wanda ya karɓi wannan takarda tambayarsa ta farko irin taka ce. Amsar ta farko mai sauƙi ce. Takardar ba a kan lafiyar dam ɗinka take magana ba. A kan mutanen da ke kwana a ƙarƙashinsa take magana.

Abin da rukunin yake aunawa

A Amurka, idan aka ce an rarraba madatsun ruwa bisa haɗari, tambaya ɗaya ake yi: a ɗauka wannan dam ya ɓalle yau, me ruwan zai tarar a gabansa? Ba a tambayar ko zai ɓalle. Ƙa'idar gwamnatin tarayya, wadda FEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, ta wallafa, mataki uku ta yi. Na ƙasa shi ne inda ba a tsammanin asarar rai, ɓarnar ma kusan duk a filin mai dam za ta tsaya. Na tsakiya shi ne inda ba a tsammanin asarar rai amma za a yi ɓarnar dukiya, a yanke hanya ko bututun ruwan sha, ko a gurɓata muhalli. Na sama shi ne inda ake ganin mai yiwuwa ne ƙwarai a rasa rai, ko da na mutum ɗaya ne. Jihar Jojiya ta taƙaita abin zuwa biyu: rukuni na ɗaya, inda ɓallewar za ta iya cin rai, da rukuni na biyu, inda ba a tsammanin haka.

Saboda haka sabon dam na kankare, wanda ba shi da ko tsaga ɗaya, in gari na ƙarƙashinsa rukuni na ɗaya yake. Ruɓaɓɓen dam mai yoyo ta ko'ina, in a tsakiyar daji yake ba kowa a ƙasansa, rukuni na biyu yake. Lafiyar ginin awo ne na daban, kuma shi ne har yanzu ba wanda ya yi wa naka. Madatsun rukuni na biyu a Jojiya ba a bin su ana duba jikinsu; abin da hukuma take yi shi ne ta sake leƙa abin da ke ƙasansu duk bayan shekara biyar, ko an yi sabon gini. A irin wannan leƙen aka ga gidajen nan biyu.

Dokar ta kama ka ne tun farko saboda tsayi. A Jojiya, shingen ruwa yana shiga hannun hukuma idan tsayinsa ya kai ƙafa 25, ko kuma yana iya riƙe ruwan da zai rufe eka 100 zurfin ƙafa ɗaya, wato kimanin kubik mita 123,000. Naka ƙafa 27 ne, sama da mita 8.

Mutane suna raina irin wannan tafki don ido ya saba da shi a kwance. Mu yi lissafi. Eka 9 ta kai murabba'in mita 36,000 da 'yan kai. In muka ɗauka matsakaicin zurfinsa mita 3 ne, kana riƙe da kusan kubik mita 110,000, kuma kowane kubik mita na ruwa nauyinsa tan ɗaya ne. Ka san motar tankar mai ta gida Najeriya mai ɗaukar lita 33,000. Ruwanka ya cika irinta sama da 3,000. Jingar ƙasa in ta fara ɓallewa, ɓarakar tana iya buɗewa gaba ɗaya cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma gidan da ke rabin mil a ƙasa mintuna kaɗan yake da su. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce inci 6 ba yana kayar da babban mutum, mai zurfin ƙafa 2 kuma yana tafiya da yawancin motoci.

Yadda ake yanke hukuncin shi ne a kwamfuta. Ana ɗaukar taswirar tudu da gangaren kwarin, a saka tsayin jingar da yawan ruwan, a ƙiyasta faɗin ɓarakar da lokacin da za ta ɗauka, sannan a saki ruwan a manhaja irin HEC-RAS ta injiniyoyin sojan Amurka. Abin da ake nema shi ne zurfin ruwan da saurinsa a daidai kowane gida, idan aka kwatanta da tsayin daɓen gidan. Ka riƙe wannan batu na daɓe, za mu dawo kansa.

Inda dokar ta samo asali

Dokar da ta aiko maka da takarda tana da tarihi, kuma dam ɗin da ya haife ta ɗan'uwan naka ne. A arewa maso gabashin Jojiya, kusa da garin Tokowa, akwai wani dam da ake kira Kelly Barnes. An fara shi a 1899 don samar da lantarki, daga baya aka ƙara masa tsayi da ƙasa har ya kai wajen ƙafa 40. An daina lantarki da shi a 1957, ya koma tafkin shaƙatawa kawai. Bishiyoyi suka cika jikin jingar. Da misalin ƙarfe 1:30 na daren Lahadi, 6 ga Nuwamban 1977, bayan kwanaki ana ruwa, ya ɓalle. Ruwan ya faɗo ta kan wani tsauni mai tsayin ƙafa 186 ya sauka a harabar kwalejin da ke ƙasa, inda ɗalibai da iyalansu suke barci. Mutum 39 suka rasu, da yawansu yara.

Shugaban ƙasa a lokacin, Jimmy Carter, ɗan Jojiya ne. Ya umarci injiniyoyin soja su duba madatsun da ba na gwamnatin tarayya ba waɗanda ke da mutane a ƙasansu. Daga 1978 zuwa 1981 suka duba kusan 9,000, suka samu wajen kashi ɗaya cikin uku ba su da aminci. Jojiya kuma ta yi dokarta ta amincin madatsun ruwa a 1978. Yau rajistar madatsun ruwa ta ƙasar tana ɗauke da sama da 90,000, fiye da rabinsu mallakar mutane ne masu zaman kansu, kuma shaƙatawa ita ce manufar da ta fi yawa a cikinsu.

Akwai kuma labarin da nake tunawa duk lokacin da wani ya ce mini ya fi so a bar shi a rukunin ƙasa. Dam ɗin Ka Loko a tsibirin Kawai na Hawai na wani mutum ne, kuma a takarda matakin ƙasa aka ba shi, don haka ba a damu da duba shi ba. An cike mafitar rarar ruwansa da ƙasa. Ranar 14 ga Maris 2006 ya ɓalle da asuba, ya kashe mutum bakwai, har da mai juna biyu. Mai shi daga baya an yanke masa hukuncin wata bakwai a gidan yari. Rukunin da aka rubuta bai rage wa ruwan ko kofi ɗaya ba.

Batun adalci

Na fahimci zafin da kake ji, kuma ba zan ce maka ba ka da hujja ba. Kai ba ka ƙara wa jingar ko shebur ɗaya ba. Wata hukuma ce ta ba da izinin gina gidajen, mai yiwuwa ba tare da ta ɗaga kai ta dubi abin da ke samansu ba, yanzu kuma kuɗin da zai biyo baya daga aljihunka zai fito. Wannan matsala ce da ta zagaye duk jihohin da birane ke cin ƙauyuka, har da kewayen Atlanta. A ra'ayina, mai ba da izinin gini a ƙasan dam ya kamata ya ɗauki wani kaso na nauyin, kuma na sha faɗin haka a inda ya dace.

Amma doka a wannan fanni tsohuwa ce, kuma a kan mai ruwa take tsayawa. Tun 1868 kotun ƙoli ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar Rylands da Fletcher, wadda ita ma a kan tafkin wani mai masana'anta ce da ya ɓalle cikin ramin haƙar kwal na maƙwabcinsa: wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa, in ya kuɓuce ya yi ɓarna, shi ke da alhaki. Kotunan jihohin Amurka da dama sun karkata ga wannan ra'ayi bayan abin da ya faru a Jonstawun ta jihar Fensilbaniya ranar 31 ga Mayun 1889. Dam ɗin can na wata ƙungiyar attajirai ne masu farauta da kamun kifi. Sun rage tsayin jingar don keken doki ya samu hanya, sun kafa raga a bakin mafitar ruwa don kada kifinsu ya gudu, ba su kuma mayar da bututun zuƙe ruwan da aka cire ba. Mutum 2,209 suka halaka. Yadda kotun Jojiya za ta auna alhakinka tambaya ce ta lauya, ni injiniya ne. Abin da na sani shi ne alhakin yana kanka tun ranar da ka sa hannu a takardar gonar, takardar hukuma dai ta bayyana shi ne. Mu kuma a namu karatun an ce ba cuta ba cutarwa, kuma maƙwabci yana da haƙƙi ko da bayanka ya zo.

Abin da yake kashe jingar ƙasa

Nan ne nake so ka fi ba ni hankalinka, don ka ce dam ɗin bai taɓa ba ka matsala ba, ni kuma shekarunsa kawai na ji na fara tunanin abu biyu.

Na farko shi ne ruwa ya tsallake kan jingar. Jingar ƙasa tana jure ruwa a gefenta shekara ɗari, amma ba ta jure shi a kanta na awa biyu. Da ya fara bi ta sama yana gangarowa ta baya, sai ya riƙa yankar ƙasa daga ƙasa yana komowa sama, kamar yadda ruwan sama ke cin katangar laka da ba ta da indararo. Maganin wannan shi ne mafitar rarar ruwa, wato hanyar da aka yanka a gefe don ruwan da ya fi ƙarfin bututu ya bi. Ka ce Helene bai tsallake ba. Alhamdu lillahi, amma ka duba yadda ruwan ya sauka. Atlanta ta samu sama da inci 11 a lokacin, cikin awa 48. Dam na rukuni na ɗaya ana auna shi ne da wani kaso na ruwa mafi yawa da ake ganin sama za ta iya zubarwa a wurin, wanda a yankinku ya kai wajen inci 30 cikin awa 6, kusan ruwan daminar Kano gaba ɗaya tsakanin azahar da isha'i. Dam mai girman naka ana neman ya fitar da kashi ɗaya cikin uku na wannan, wato wajen inci 10 cikin awa 6. Yawan ya yi kusa da na Helene, amma saurin saukar ya ninka shi sau bakwai. Tafkunan gona na shekarun 1960 ba don irin wannan aka gina su ba, kuma a nan ne mafi yawan kuɗin gyara yake tafiya.

Na biyu shi ne zaizaya ta ciki, kuma ita ta fi ba ni tsoro don ba ta jiran damina. Duk jingar ƙasa tana naso, wannan ba aibu ba ne. Aibun shi ne ruwan ya fara ɗaukar ƙasa yana fita da ita. Yana farawa daga bayan jingar, ya riƙa rarake rami yana komawa wajen tafkin, ba a gani daga waje, sai ranar da ramin ya haɗu da ruwan. Dam ɗin Big Bay a jihar Misisifi, shi ma tafkin shaƙatawa na masu zaman kansu, ta haka ya tafi ranar 12 ga Maris 2004, da rana tsaka ba hadari ba ruwa, ya lalata gidaje wajen 100. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Hanyar da wannan zaizaya ta fi so ita ce jikin bututun da ya ratsa jingar. A wancan zamanin bututun kwano mai ƙunya-ƙunya ake sakawa, irin na kwalbati, kuma ba a yi shi don ya kai shekara 60 a cikin ruwa ba. Tsatsa tana cinye cikinsa daga ƙasa. Na taɓa zuwa wurin wani dattijo mai tafki kusan irin naka, shi ma ya rantse mini dam ɗinsa bai taɓa ba shi matsala ba, kuma gaskiyarsa yake faɗa. Na ce ya kai ni inda bututun yake fitowa a baya. Sai da muka sare ƙaya da adda kafin mu gan shi, don ya fi shekara goma ba wanda ya sauka wurin. Ruwa na fita ta cikin bututun kamar yadda ya kamata, amma akwai wani siriri yana fitowa ta ƙarƙashinsa, ta waje. Na tara a kwalba na ajiye a kan dutse. Kafin mu gama magana laka ta kwanta a gindin kwalbar. Da muka hau sama, ya nuna mini wani ɗan loɓawa mai faɗin faranti a daidai saman layin bututun, ya ce ramin dabba ne, duk shekara yakan cike shi da ƙasa. Ƙasar da yake zubawa ce nake gani a kwalbata. A ranar muka fara rage ruwan, da aka zura kyamara kuma aka tarar gindin bututun ya tafi na tsawon taku da yawa.

Bishiyoyi su ne na gaba. Masu tafki suna son inuwarsu, wasu ma suna zaton saiwa ce ke riƙe ƙasar. Saiwa tana bin danshi ta ratsa jingar. In bishiyar ta mutu saiwar ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya, in kuma iska ta tuge ta sai ta tafi da guntun jingar. Amma kada ka ɗauko zarto gobe ka sare manyan. Ƙananan da kaurinsu bai kai inci 6 ba ana yanke su daidai ƙasa. Manya sai an rage ruwa, an tono kututturen, an cike ramin da yumɓu ana daddaɓewa, injiniya na tsaye. Sai dabbobi masu haƙa: akwai ɓeran ruwa mai kama da gafiya da ke rami daga gefen tafki, da wata mai suna biba da ke toshe bakin bututu da itace cikin dare ɗaya.

Mu da muka taso a Kano mun san Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, kuma kowa ya ga abin da Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024. Waɗannan na gwamnati ne kuma sun fi naka nesa ba kusa ba, amma ƙasa da ruwa halinsu ɗaya a ko'ina. Duk mai karanta wannan a gida da ya sa katafila ta tare masa rafi a gona don kifi ko ban-ruwa, abin da na faɗa a kan mafita da bututu da bishiya ya shafe shi, ko da ba hukumar da za ta rubuto masa.

Hanyoyin da ke gabanka

Ƙalubalantar rukunin haƙƙinka ne, kuma wa'adinsa gajere ne. Yana cikin takardar, ka duba shi yau, kada ya wuce ka kana shawara. Amma ƙara ba ta cin nasara da cewa dam ɗin na da lafiya ko cewa ka riga su zuwa, don ba wannan ake tambaya ba. Tana cin nasara ne kawai in aka nuna ruwan ba zai kai ga gidajen ta yadda zai ci rai ba. Nan batun daɓe ya dawo. Lissafin farko wani lokaci da taswira ake yin sa, ba tare da an auna gidan da kansa ba. In gidajen a kan gangare suke, sama da gindin kwarin sosai, ka biya safiyo ya auna tsayin daɓensu, injiniya ya sake lissafin da ainihin zurfin tafkinka. Na ga inda haka ta mayar da dam rukuni na biyu, bisa gaskiya. In kuwa a bakin rafin suke, kada ka kashe kuɗinka, sakamakon ba zai canza ba. Ko ka ci nasara ma, gida na uku na iya zuwa baɗi.

Hanya ta biyu ita ce ka amince da rukunin ka gyara. Za ka ɗauki injiniya daga cikin waɗanda ofishin jihar ya amince da su, ya binciki dam ɗin, ya tsara gyara, a nemi lasisi. Yawanci aikin ya ƙunshi faɗaɗa mafitar rarar ruwa, cike tsohon bututun da siminti ko zura masa sabon na roba a ciki, saka bututun zuƙo da ke bi ta saman jingar, shimfiɗa matatar yashi da tsakuwa a gindin baya don ruwa ya fita ya bar ƙasa, da share bishiyoyi. Bayan haka akwai duba na kai a kai, naka da na injiniya, da rubutaccen shirin gaggawa mai ɗauke da taswirar inda ruwa zai bi da jerin waɗanda za a kira. Ba zan ba ka adadin kuɗi ba ban ga wurin ba, amma ka shirya jin abin da zai iya gogayya da kuɗin da ka sayi wani sashe na gonar. Akwai tallafin FEMA na gyaran madatsu masu babban haɗari tun dokar 2016, sai dai ba a miƙa shi kai tsaye ga mutum. Sai ƙaramar hukuma ko ƙungiyar da ba ta neman riba ta tsaya masa.

Hanya ta uku, wadda nake ganin ta fi dacewa ka fara tambaya a kanta, ita ce rage dam ɗin. Ƙafa 2 kawai ka ɗara ma'auni. In aka sauke tsayinsa ƙasa da ƙafa 25, kuma ruwan da zai iya riƙewa har bakinsa ya gaza wancan adadi na eka 100, zai fita daga hannun wannan doka. Tafkin zai ragu, ya rage zurfi, amma yara za su ci gaba da kamun kifinsu. Sharaɗina a nan ɗaya ne, kuma da gaske nake: ragewar ta zo tare da sabon bututu da mafita mai faɗi. Wanda ya aske kan jinga don kawai ya kuɓuce wa hukuma, ya bar tsohon bututu da ƙaramar mafita, ya rage tazarar da ke tsakanin ruwa da saman jingar ne, ya maimaita kuskuren mutanen Jonstawun. Gidajen kuma suna nan inda suke.

Akwai masu sayen gidan da ke ƙasa su rushe shi. Da gida ɗaya tsoho ne, wani lokaci ya fi gyara araha. Sababbi biyu ba na jin zai yi maka.

Ta ƙarshe ita ce fasa dam ɗin, kuma ba abin kunya ba ne. Shi ne kaɗai zaɓin da ke cire haɗarin gaba ɗaya. Amma ba a kiran mai katafila a ce ya yanka. Ana zuƙe ruwan a hankali, a yanka ɓaraka mai faɗin da ruwa ba zai sake taruwa ba, a san yadda za a yi da lakar shekara 60 da ke kwance a gindi don kada ta gangara wa mutane, a kuma nemi izinin jiha da na injiniyoyin soja masu kula da rafuka.

Abin da za ka yi kafin injiniya ya zo

Duk abin da na faɗa daga nesa ne, ban taka jingarka ba, kuma ba zai maye gurbin wanda zai taka ta ba. Amma akwai aikin da ba sai ka jira kowa ba. Ka sa a yanke ciyawa da ƙananan sarƙaƙiya a jikin jingar har zuwa gindinta, don ba a duba abin da ba a gani. Ka zaɓi ranar da aka kwana biyu ba ruwa, ka bi saman jingar daga wannan ƙarshe zuwa wancan kana neman tsaga, loɓawa, ko inda ya fi sauran wuri ƙasa. Ka sauka baya ka bi gindin a hankali: inda ƙafarka ta nutse, inda ciyawa ta fi kore, inda ruwa ke ɓulɓulowa yana tara yashi kamar gidan tururuwa. Ka nemo bakin bututun ka duba ko ruwa na bi ta wajensa. Duk inda ka ga ruwa na fita, ka tara a kwalba mai haske ka ajiye, ka kuma auna daƙiƙa nawa yake ɗauka ya cika bokiti, ka rubuta da kwanan wata. Ruwa garau da adadinsa bai canzawa abin lura ne. Ruwa mai laka, ko wanda ke ƙaruwa alhali tafkin bai ƙaru ba, ko juyawar ruwa a saman tafkin kusa da jingar, wannan ba na jiran Litinin ba ne: ka kira lambar gaggawa ta 911 da ofishin da ya rubuto maka, ka sa mutanen ƙasa su fita.

Ka je mafitar rarar ruwan ka tabbatar ba a kafa mata raga ko shinge ba, ba a ajiye kwalekwale ko tarin itace a cikinta ba. In akwai tsohon famfon zuƙe ruwa a gindin tafkin da ba a taɓa shi ba shekara da shekaru, kada ka murɗa shi da kanka. Yana iya buɗewa ya ƙi rufuwa. Rage ruwa ƙafa biyu ko uku yana ba ka sarari mai yawa kafin damina, amma da bututun zuƙo ake yi kuma sannu a hankali, don in ruwa ya sauka da sauri gefen jingar na ciki da ya jiƙe yana iya zamewa. Ka kira kamfanin inshorarka ka tambaye su a rubuce ko inshorar gonar ta haɗa da ɓallewar dam, don sau da yawa ba ta haɗawa.

Sannan ka sauka kwarin da ƙafarka ka yi wa mutanen gidajen nan biyu sallama. Mai yiwuwa ba su ma san akwai tafki a samansu ba. Ka karɓi lambobinsu ka ba su taka, ka tambayi mutum nawa ke kwana a kowane gida, ko akwai tsoho ko jariri, ku kuma duba tare ta wane gefe tudu ya fi kusa, don hanyar mota a irin wannan kwari yawanci bin rafin take yi. Kana can ka lura da tazarar da ke tsakanin daɓen gidajen da gindin rafin. In ka dawo, ka aiko mini da wannan, da hoton bakin bututun, da hoton kwalbar bayan ta kwana, sai in faɗa maka ko safiyo za ka fara kira ko mai rage ruwa.